Bayes, Solomonoff, PAC ko konfomal: wanne za ka ɗauka?

Duk wanda ya shiga karatun hasashe daga data sai ya tarar da hanyoyi barkatai, kowacce da masu tallata ta. Ni dai kafin in zuba lokacina abu ɗaya nake tambaya, me hanyar take so in yarda da shi tun ban ga data ba? Nan farashinta yake.

Bayes ita ce tsohuwar hannu, an buga aikin Thomas Bayes a 1763 bayan rasuwarsa. Za ka fara da zatonka, data ta shigo ka gyara, ta sake shigowa ka sake gyarawa. Laplace, masanin lissafi ɗan Faransa, ya ba da misali mai sauƙi: abu ya faru sau n a jere, yiwuwar ya sake faruwa ita ce (n+1)/(n+2), wato in sau 8 ne ka samu 9/10. Matsalar kawai zaton farkon naka ne, in data kaɗan ce shi zai ja amsar inda yake so.

Ta Ray Solomonoff ta 1964 kuwa gaskiya ta fi burge ni. Ya ce a tara duk wani firogiram na kwamfuta da zai iya fitar da datar da ka gani, gajeru su fi nauyi, kowane bit ɗaya (wato 0 ko 1 guda) da tsawon firogiram ya ƙaru nauyinsa ya ragu da rabi, sai a haɗa hasashensu gaba ɗaya. Kyau kam akwai, amma babu kwamfutar da za ta iya lissafa shi kuma ba wai maganar ƙarfin inji ba ce, an tabbatar ba ya lissafuwa sam, dangin matsalar nan ce da masanin lissafi Alan Turing ya nuna a 1936 cewa babu hanyar gane ko kowane firogiram zai tsaya. Ka karanta don buɗe kai. In aiki kake so ga ƙanwarta MDL (Minimum Description Length, wato zaɓar bayanin data mafi gajarta) ta Rissanen, 1978.

Vapnik da Chervonenkis a 1971, sai PAC (Probably Approximately Correct, wato mai yiwuwa kusan daidai) ta Leslie Valiant a 1984, su tambayarsu misali nawa nake buƙata kafin kuskurena ya yi ƙasa. Ba ruwansu da zatonka, amma dole datar gobe ta fito daga tushe ɗaya da ta yau. Kuma adadin da suke bayarwa yakan yi yawa fiye da kima.

Konfomal ta Vovk, Gammerman da Shafer tana hawa kan kowane model (wato tsarin da ke yi maka hasashe), ka ce kashi 90 kake so ta ba ka tazara da amsa za ta faɗa ciki aƙalla kashi 90 na lokuta, muddin datar gobe irin ta yau ce. Lura fa, a jimlace ne, ba ga kowane hasashe ba.

In data kaɗan gare ka kuma ka san fannin sosai, ɗauki Bayes. In model ɗinka na aiki tuni kana son sanin iya inda za ka amince da shi, konfomal ta fi arha.