Crusader Kings III: daular mako uku ta watse mini a dare ɗaya

Abu ɗaya ya sa na ɗora wasan nan, wanda ake jan ragamar gidan sarauta daga sarki zuwa magajinsa, a laftof ɗina: wani abokina ya ce akwai Daurama a ciki. Na ɗauka zolaya ce. Sai ga ta kuwa, idan ka zaɓi farawa daga shekarar 867, tana mulkin Daura, mijinta Bayajidda, addininsu Bori. Ban taɓa zaton zan ga Daura a taswirar wasan da mutanen Suwidin suka ƙera ba.

Mako uku na yi ina fama kullum bayan isha'i. Na ci Kano, na ci Katsina, jikanta ya zama sarkin ƙasar Hausa, ya nausa gabas har bakin Tafkin Chadi. Har hoton taswirar na ɗauka na tura wa abokin nan don ya ji haushi.

Ran nan jikan nata, wanda ya riga ya tsufa, ya cika, na koma wasa da babban ɗansa. Ina danna maɓalli sai na ga launin ƙasata ya rabu biyu. Wallahi na zaci laftof ɗin ne ya rikice. Ashe dokar gado ce, wadda tun farko aka nuna mini na danna na wuce ban karanta ba. Muddin ƙasar da ka ci ta isa a kafa wata masarauta, ana mutuwar sarki wasan zai kafa ta da kansa ya miƙa wa ƙaramin ɗa. Shi ke nan, ƙanina ya zama sarki a gabas, ba ya ƙarƙashin kowa, da mayaƙan da ni na yi wahalar tarawa. Ban gama jimami ba hakimai suka haɗa kai suna neman 'yancinsu, don sabon sarki ba shi da kwarjini a idonsu. Kana kallon ma'aunin fushinsu yana cika a hankali, ran da ya cika su aiko maka takarda: ko ka sake su, ko a gwabza.

Na rufe laftof na ce na bar shi har abada. Washegari da asuba na buɗe. Gaskiya ban taɓa buga wasan da ya sa ni tsoron 'ya'yana fiye da abokan gaba ba, kuma daɗinsa ke nan.

Sai dai har yanzu abin na cina. Dokar da za ta bai wa babban ɗa komai ba ta samuwa sai an kai wajen shekarar 1200. Fiye da shekara 300 ke nan duk sunan da aka yi a fada gabanka na faɗuwa. Kuma ni da wayona na zaɓi tsarin da ba a komawa baya.

Yanzu dai na yi wa birnin ƙanin nawa ƙawanya. Jiya saura kaɗan ya faɗi aka ɗauke wuta, batirin ma bai kai minti goma ba.