Awon kwarin rufi: a hau da tef ko a lissafa daga ƙasa?

Ɗan'uwa, ka ce gidanka yana da reshe da ya fito daga tsakiyar babban gini, rufin biyu suka haɗu suka ba da kwari biyu, wato mahaɗar rufi mai zurfi da ruwa yake bi ya sauka, kana son sanin yawan ƙarfen kwari da za ka saya. Wani ya ce maka dole sai an hau an ja tef, wani kuma ya ce zanen gini da kalkuleta sun wadatar. Duka biyun suna aiki, sai dai kowanne da lokacinsa, kuma kowanne da inda yake yaudarar mai shi.

Awon tef ba shi da wuyar fahimta. Mutum ɗaya ya riƙe bakin tef a sama, inda tozon reshen ya taɓa babban rufi, ɗayan ya bi tsakiyar kwarin har bakin rufi. Lambar da ta fito ita ce gaskiyar ginin. In bango ya ɗan karkace, ko kafinta ya ƙara wa bakin rufi tsawo fiye da na zane, tef zai nuna. Illarsa biyu. Ba ya yiwuwa sai an gama kafa katako, alhali sau da yawa kafin nan ake son haɗa kuɗin kaya. Sannan in tsohon rufi ne, kwari shi ne wurin da ya fi santsi, nan ganye da danshi suke taruwa, nan kuma katako yake fara ruɓewa. Kada kowa ya taka shi yana jiƙe, ko ba tare da igiyar ɗaure jiki ba.

Lissafi daga ƙasa kuwa yana buƙatar lambobi biyu kacal: rabin faɗin reshen, da gangaren rufin. A nan mutane suka fi faɗawa rami. A kan zane, kwari layi ne da ya tafi a karkace, sai mutum ya ɗora rula ya auna, ya ɗauka ya gama. Wannan inuwar kwarin ce a ƙasa, ba tsawonsa ba, domin kwarin yana tafiya a karkace kuma yana hawa sama a lokaci guda. In gangaren ɓangarorin biyu iri ɗaya ne, kuma ginin ya haɗu a kusurwar digiri 90, to ana ninka rabin faɗin da wata lamba da ta dogara da gangaren. Rufin da yake hawa inci 4 a kowane inci 12, lambarsa 1.45. Mai inci 6, wato santimita 50 a kowace mita, lambarsa 1.5. Mai inci 8 tasa 1.56, mai inci 12 kuma 1.73. Awon zane yana ba da 1.41 ne kullum, komai tsayuwar rufin. Ka ga a rufi mai kwanciya giɓin kaɗan ne, amma a mai tsayi sosai, rabin faɗi na mita 4 zai nuna mita 5.66 a takarda, alhali kwarin ya kusa mita 7.

Gangaren ma ba sai an hau sama ba. A cikin silin, ka jingina lebur, wato ma'aunin daidaito mai ruwa a ciki, da katakon rufi a kwance, ka auna mita ɗaya a jikinsa, sannan ka auna tazarar daga wannan alamar zuwa katakon a tsaye.

Inda wannan hanya take karyewa shi ne in gangaren biyu sun bambanta. Kwarin ba zai tafi a digiri 45 ba, waɗancan lambobi kuma ba su da amfani. Sai a koma ga lissafin Pythagoras: nisan da kwarin ya ci ta gefe ɗaya, nisan da ya ci ta ɗaya gefen, da tsayin da ya hau. A ninka kowanne da kansa, a haɗa, a danna alamar √. Mita 4, mita 3 da hawan mita 2 suna ba da kusan mita 5.4. A irin wannan rufi ni na fi yarda da tef.

Ra'ayina shi ne ka lissafa don saye, ka ja tef don yanka. In lambobin biyu suka yi nesa da juna, akwai abin da ya kauce a ginin, gara a gano shi kafin a rufe.

Yanzu ga batun kayan, wanda shi ne ainihin damuwarka. Mu ɗauka reshen yana da faɗin mita 8, gangarensa 6 cikin 12, bakin rufi ya zarce bango da santimita 60. Rabin faɗi 4, a ƙara 0.6, ya zama 4.6. A ninka da 1.5, ya ba da mita 6.9. Wanda ya manta da bakin rufi zai tsaya a mita 6, ya yi asarar kusan mita guda. A ƙara kamar santimita 30 na lanƙwasawa a tozo da saukarwa cikin magudanar ruwa, kowane kwari ya zama mita 7.2.

Kada ka raba wannan da tsawon falle ka tashi. Fallayen suna hawa kan juna, na sama a kan na ƙasa, aƙalla santimita 15 a kowane haɗi, in rufin mai kwanciya ne a ƙara zuwa 20 ko 30. Falle uku masu mita 2.4 a baki mita 7.2 ne, kamar an auna maka. Amma haɗi biyu sun cinye santimita 30, abin da ya rage 6.9, bai kai ba, sai huɗu. Falle uku masu mita 3 kuwa suna rufe mita 8.7, har da rarar mita ɗaya da rabi. A takarda, falle biyar masu mita 3 za su ishi kwari biyu in an raba na biyar gida biyu. Ban ba ka shawarar haka ba, don yanka ɗaya ya kauce, aiki ya tsaya. Sayi shida. In kuma akwai mai lanƙwasa maka falle ɗaya tun daga sama har ƙasa, ya fi, domin yoyo daga haɗi yake farawa. Sai dai a ba shi damar motsi: alminiyam mai mita 7 yana miƙewa sama da milimita 6 in zafi ya canza da digiri 40, ƙarfe mai rufin zinki kuma kusan rabin haka.

Faɗin ƙarfen kwari da aka saba shi ne santimita 60, wato 30 a kowane gefe, tare da ɗan lanƙwasa a bakunan don tare ruwan da ya fantsama. Mai siffar V ya isa in ɓangarorin biyu suna kawo ruwa daidai. In ɗaya ya fi girma ko tsayi, ɗauki mai siffar W, wanda yake da ɗan tudu a tsakiya, don kada ruwan wannan gefe ya tsallaka ya shige ƙarƙashin kwanon wancan.

A lissafinka ka saka shimfiɗar hana ruwa da ake sawa a ƙarƙashin ƙarfen, mai faɗin kusan santimita 90, tsawonta daidai da na kwarin har da haɗi. Ƙusa ko sukurori a bakin falle kawai ake sa su, kada ɗaya ya kusanci tsakiya da ƙasa da santimita 15. Kuma ƙarfen kwari ya dace da kwanon rufin da ƙusoshinsa. Jan ƙarfe in ya haɗu da alminiyam ko zinki a cikin danshi, cinye su yake yi. Ƙara wa kwanon rufin kansa rara, don yankan karkace a gefen kwari yana barin guntaye da yawa da ba sa komawa ko'ina.

Turo faɗin reshen, gangaren kowane ɓangare da tsawon fallen da kake samu, sai mu fitar da adadin tare.