Wasiƙa zuwa Tawa: yadda ake koya wa yara yaƙar waswasi a Amurka

Yaya, ina gaisuwa, da fatan kun ga damina lafiya. Maganar da kika yi mini a waya, cewa ɗanki sai ya ƙarar da buta uku kafin ya gama alwala ɗaya, ta hana ni barci, don abin da kika kwatanta na gan shi a cikin gidana.

Autana ya fara yana da shekara 11. A Tawa da tuni an gane, tunda ruwan da mai ga-ruwa ya kawo kowa ya san adadinsa. Nan kuwa famfo ba ya ƙarewa, ga na zafi ga na sanyi, kuma banɗaki a kulle yake. Sai da takardar kuɗin ruwa ta zo, uwarsa ta kama hannunsa ta ga bayan yatsun sun tsattsage kamar ƙafar mai tafiyar hunturu, sannan muka farka. Na yi faɗa, na yi lallashi, na yi tofi. Yaron yana kuka ya ce mini: "Baba, na san hannuna ba shi da datti, amma zuciyata ba ta yarda."

Lokotoro ya ce ciwo ne sananne, nan suna ce masa OCD, ku can masu faransanci suna cewa TOC. Tunani ne mai ban tsoro ke maƙale wa mutum, sai ya yi ta maimaita wani aiki don ya samu sauƙi, sauƙin kuma ba ya daɗewa. Yana kama kamar mutum 1 zuwa 2 cikin 100, kuma sau da yawa tun ƙuruciya yake farawa.

Kada ki ɗauka komi a nan a tafin hannu yake. Mun yi watanni muna jiran layi kafin mu ga ƙwararre. A gida ko da tsakar dare ka ƙwanƙwasa wa malam ƙofa zai fito. Nan sai da alƙawari, sai da takardar inshora, kuma duk da ita sai ka cika daga aljihunka. Abin da na biya, in na juya shi zuwa sefa, ya isa hatsin gidanku na tsawon lokaci, ban da kwanakin aikin da na rasa wajen kai shi da ɗauko shi.

Amma abin da suka fi mu shi ne wani sansani na yini da ake yi lokacin babban hutun lakkol. Yara su zo da safe, su koma gida da yamma, babu kwana. Na shiga ina zaton zan ga na'urori. Ban ga komi ba sai tebur, takardu, alƙalaman launi da mutane masu haƙuri. Kowane yaro yana rubuta abubuwan da yake tsoro, ya ba kowanne maki daga 0 zuwa 10, kamar matakan tsani. Daga nan sai a fara da na ƙasa: ya taɓa abin da yake ƙyama, ya zauna bai wanke ba, har tsoron ya sauka da kansa. Wannan hanya wani masani mai suna Victor Meyer ya fara bayyana ta a Landan a 1966, kuma har yau ita ce kan gaba wajen magance ciwon.

Ranar uku aka bar iyaye su leƙa. Na ga autana ya riƙe marikin ƙofa, sannan aka miƙa masa biskit. Hannunsa na rawa, gumi a goshinsa. Wata yarinya da ke kusa da shi, wadda nata ciwon na duba makulli ne, ta ce masa: "Nawa ne yanzu?" Ya ce takwas. Suka zauna shiru. Can ya ce biyar, ya kai biskit ɗin baki. Wallahi Yaya, sai da na fita waje na share hawaye. Ganin ƴan uwansa yara masu irin matsalarsa ya yi masa abin da bakina bai yi ba cikin shekara guda.

Mu ma an zaunar da mu. Nan na ji abin da ya yi mini nauyi: duk lokacin da ya tambaye ni "Baba, na wanku?" na ce masa "ka wanku", ashe ciwon nake ciyarwa. Kuma sai na tuna karatunmu na zaure. Malamanmu na Malikiyya sun daɗe da cewa mustankihi, wanda kokwanto ya aure shi, ya yi watsi da kokwanton, kada ya sake abin da yake shakka a kai. Tushen ɗaya ne. Su dai sun mai da shi sana'a, sun horar da mutane, sun yi masa matakai.

Akwai magani na sha, irin su fluoxetine da sertraline, amma nan ba a ba ka ko ƙwaya ɗaya sai da takardar lokotoro, kuma ana bibiyar yaro. Don Allah kada ki saya masa komi wajen masu tallar magani a kasuwa.

Autana bai rabu da shi kwata-kwata ba, lokacin jarrabawa yakan motsa, amma yanzu alwalarsa ba ta sa mu rasa jam'i. Ki daina dukan ɗanki, ki hana ƴan uwansa yi masa dariya. Ki je da shi wurin limamin unguwa ya faɗa masa hukuncin mustankihi da bakinsa. Bayan girbi kuma ku shiga mota zuwa Yamai, akwai sashen lafiyar ƙwaƙwalwa a babbar likita ta ƙasa; kuɗin mota da na ganin lokotoro ni zan aiko. Ranar Juma'a in kun sauko masallaci ki ba shi wayar, autana ya ce yana son ya nuna masa tsaninsa.