Takunkumin 3M 1860: tacewa ba laifi, sai dai zaman fuska

Duk ma'aikacin da ya taɓa shiga ɗakin keɓe masu tarin fuka ko korona ya san wannan takunkumin fuska na kamfanin 3M mai ruwan kore, mai siffar ƙoƙo, da madaurin roba biyu. Ajin N95 ne, wato NIOSH, hukumar binciken lafiyar ma'aikata ta Amurka, ta gwada shi, yana tare aƙalla kashi 95 cikin 100 na ƙwayoyi masu girman maikiron 0.3 (maikiron ɗaya shi ne kashi ɗaya cikin dubu na milimita). Fantsamar jini ko majina ma ba ta keta shi da sauƙi, abin da takunkumin ƙura ba ya yi.

Wajen tacewa ba shi da makusa. Inda gizo ke saƙar shi ne gefensa, domin wani ɓangare na iska yakan kauce wa matacin muddin ya samu kafa a kumatu ko ƙarƙashin haɓa. Girma biyu ake yi, 1860 da ƙaraminsa 1860S, amma sau da yawa sai a sayo babban kaɗai a raba wa kowa. Mai siririyar fuska kuwa ya sa ne kawai don a gani. Shi ya sa ake gwajin dacewa: a kifa wa mutum rumfar leda a kai, a fesa ruwa mai zaƙi ko mai ɗaci, ya yi magana, ya juya kai, ya sunkuya. In ya ji ɗanɗano, wannan samfurin ba nasa ba ne. Gemu ma yana hana shi kama fata, ko da tsiron kwana biyu ne.

Kuskuren da aka fi yi yana kan ƙarfen hanci. Sai a matse shi da yatsu biyu na hannu ɗaya, ya yi tsini, ya bar rami a saman karan hanci. Da hannu biyu ake lallaɓa shi daga tsakiya zuwa gefe. Madaurin sama a ɗora shi can saman ƙeya, na ƙasa a wuya ƙasa da kunnuwa, kada a gitta su. Sai a rufe takunkumin da tafuka a fitar da numfashi da ƙarfi. Idan tabarau ya yi hazo, wataƙila akwai kafa.

Gaskiya yana da takura. Bayan 'yan sa'o'i karan hanci yakan yi ja, wani lokaci har ya saluɓe, kai ya yi nauyi, murya ta dushe. Daga nan ne ake ganin ma'aikaciyar jinya ta zame shi zuwa haɓa don ta yi wa majinyaci bayani, ko ta rataye shi a wuya ta amsa waya. Wasu za su kira wannan sakaci, amma wanda aka bari shi kaɗai a ɗaki tun safe ba mai karɓarsa, ba laccar tsafta ce ke gabansa ba. Sai dai gaban takunkumin shi ne mafi ƙazanta, kuma hannun da ya taɓa shi ido yake komawa. Wajen cirewa a fara da madaurin ƙasa, sannan na sama, ba tare da taɓa gaba ba, a wanke hannu nan take.

Ba a wanke shi, ba a fesa masa sinadarin tsabtace hannu mai giya, domin hakan yana kashe cajin lantarkin da ke kama ƙwayoyi a matacin. A ƙarancin takunkumi na 2020 CDC, hukumar yaƙi da cututtuka ta Amurka, ta ce in dole sai an maimaita, kada a wuce sawa biyar. Ya jiƙe ko roba ta saki, a jefar.

Jabunsa ya yi yawa tun lokacin korona. Na gaske yana ɗauke da lambar amincewa mai farawa da TC-84A, kuma duk 1860 mai madaurin kunne na bogi ne. Mai sayo wa asibiti ya haɗa da 1860S, ya kuma ajiye wani samfurin mai naɗewa saboda fuskokin da ƙoƙon bai karɓa ba.