Gamo P-900 ko Hatsan 25 Supercharger: wacce ta dace da harbin takarda a lambun gida?

Wa'alaikumus salam, ɗan'uwa. Ka ce kana zaune a Ingila, kana da ɗan lambu da tsawonsa bai wuce mita 10 ba, kuma kana neman ƙaramar bindigar iska mai sifirin wadda kuɗinta ba zai gagare ka ba, don harbin takarda da gwangwani in an taso daga aiki. Ka ga biyu a shago, Gamo P-900 da Hatsan 25 Supercharger, mai shagon ya ce maka ta biyun ta fi ƙarfi nesa ba kusa ba. Gaskiya ya faɗa. Amma ni dai Gamo zan ce ka ɗauka, kuma wannan ƙarfin da aka yi maka talla da shi yana cikin dalilaina.

Sai ka san abin da ke faruwa a cikinsu kafin maganar ta zauna maka. Duka biyun karya bututunsu ake yi a ɗana su. In ka lanƙwasa bututun ƙasa, kana matse sifirin ne har fistan ya maƙale. Ka sa ƙwayar dalma guda, ka mayar da bututun ya rufe. Da ka ja kunama, sifirin zai ingiza fistan gaba, shi kuma ya matse iskar da ke gabansa kamar famfon keke, iskar ta kori ƙwayar. Abin lura a nan shi ne, duk wannan zabura tana faruwa tun ƙwayar ba ta bar bututu ba. Bindigar tana motsi a hannunka, baya sannan gaba, ƙwayar na ciki tukuna. Shi ya sa in ka matse riƙo a harbin farko, ka sassauta a na biyu, ramukan ba za su faɗa wuri ɗaya ba ko da saitinka bai canza ba. Gwargwadon ƙarfin sifirin, gwargwadon yadda bindiga ke hukunta mai sauya riƙo.

Gamo kamfanin Sifaniya ne da ke yankin Barcelona. P-900 ba ta kai kilo ɗaya ba, yawancin jikinta roba ne, kuma tana fitar da ƙwaya mai faɗin milimita 4.5 da gudun da ya ɗan haura mita 100 a daƙiƙa. Hatsan kuwa a Izmir ta Turkiyya ake ƙera ta. Supercharger ta haura kilo ɗaya da rabi, doguwa ce, kuma saboda taurin sifirinta har da wani ɗan hannu ake haɗo ta da shi, wanda ake zurawa a bakin bututu don a ji sauƙin karyawa. Wannan hannun kaɗai ya isa ya gaya maka irin aikin da ke gabanka. Harbin nishaɗi ba ƙwaya biyar ba ne a tashi. Mutum yakan zauna ya ƙarar da hamsin ko fiye, kuma kowace ƙwaya sai an karya bututu. Da Gamo za ka yi haka kana hira. Da Hatsan, kafin a yi nisa damtse ya fara rawa, hannun da ya gaji da ɗanawa kuma shi ne zai ɗaga nauyin nan ya tsaya cak a kan saiti. Galibi da hannu biyu ake harba ta, ko a ɗora tsintsiyar hannu a kan wani abu mai laushi.

Ba zan zalunci Hatsan ba, akwai inda ta yi wa Gamo fintinkau. Kunamarta, wadda kamfanin ke kira Quattro, mai mataki biyu ce kuma ana iya daidaita ta, kuma a ƙaramar bindiga kunama ita ce rabin aiki. Ta Gamo tana da ɗan tauri da tsawon ja, sai ka koyi janta a hankali ba tare da fizga ba, in ba haka ba bakin bututu zai karkace a daidai lokacin da bai kamata ba. Hatsan kuma tana da tsarin rage zabura da suka sa wa suna XRS, da wurin ɗaura na'urar saiti mai jan ɗigo a samanta. In ka riƙe su ɗaya bayan ɗaya, za ka ji Hatsan ta fi cika hannu da alamar ƙwari. Wanda yake da fili mai mita 20, yana son ya ga gwangwani ya yi tsalle, kuma ƙarfin hannu ba matsalarsa ba ne, shi zan tura wajenta ba tare da wani shakku ba. Sai dai ta fi tsada sosai, kuma kai ba wannan filin gare ka ba.

Takarda ba ta buƙatar ƙarfi. A gasar Olamfik ma daga mita 10 ake harbin ƙaramar bindigar iska, da ƙwaya mai milimita 4.5, kuma da'irar da ke ba da maki 10 faɗinta milimita 11.5 ne kacal. Abin da ake nema shi ne ƙwaya ta bi ƙwaya. A lambu irin naka, ƙarin ƙarfi yana nufin ƙarin ƙara a kunnen maƙwabta, da ƙwayar da za ta huda abin tarewa ko ta dawo da zafi in ta bugi abu mai tauri. Sannan dokar Ingila ta sa wa ƙaramar bindigar iska iyakar ƙarfin harbi ta fut-fam 6, wato kimanin jul 8 (duka biyun ma'aunan ƙarfi ne). Ga ƙwaya mai nauyin rabin giram, wannan gudun mita 180 ne a daƙiƙa ko kusa da haka. Don haka Hatsan da ake sayarwa a can an rage mata ƙarfi ta zauna ƙasa da iyakar, kada alƙaluman da ka gani a tallan Amurka su ruɗe ka. Gamo kuwa ko rabin iyakar ba ta kai ba.

In ka je saye, ka duba kwalin da kyau, domin akwai P-900 mai ɗauke da harufan IGT. Wannan silindar gas ce a cikinta maimakon sifirin ƙarfe. Ɗanawa iri ɗaya ce, harbinta ya fi laushi, kuma ba ta da tsuwwar sifirin. In bambancin kuɗin kaɗan ne, ba laifi ka ɗauke ta.

Akwai kuma wata da ba ka tambaya ba, amma ba zan iya yin shiru a kanta ba: Beeman P17. Ba mai sifirin ba ce. Buɗe samanta ake yi, a sa ƙwaya, a danne a rufe, wannan dannawar ce ke matse iska. Ba ta zabura ko kaɗan, kunamarta mai laushi ce, kuma kwaikwayon Weihrauch HW40 ta Jamus ce da ake ƙerawa a Sin, shi ya sa take da arha. Aibinta, rufewar na buƙatar ƙarfi, tana iya matse fatar hannu, kuma robar da ke riƙe iskarta takan lalace sai an canza. In burinka ramuka su haɗu wuri ɗaya tun makon farko, ka roƙi mai shagon ya ba ka ita ka riƙe kafin ka biya kuɗin Gamo.

Rarar kuɗin da ta rage maka ka sa ta a ƙwaya mai kyau, da tabarau na kariya, da akwatin tare ƙwaya. Ka nemi ƙwaya mai shafaffen kai. Ita ce ke yanke takarda ta bar rami zagaye tsaf, mai tsini kuwa yaga take yi har ka kasa gane inda ta shiga. In ba ka sayi akwatin ƙarfe ba, cika kwali da tsummokara ka danna su sosai, ka jingina shi da bango, ba da shingen katako ba. A dokar can laifi ne ƙwaya ta tsallake iyakar gidanka. Dole ka kai shekara 18 kafin a sayar maka, kuma wajibi ne ka adana ta inda yara ba za su kai gare ta ba. A Ingila da Wales ba a neman lasisi ga wadda ke ƙasa da iyaka, amma a Scotland ana nema tun ƙarshen 2016.

Ko Gamo ko Hatsan ka saya, kada ka harba ta babu ƙwaya a ciki, domin fistan zai daki ƙarshen silinda ba tare da matashin iska ba. Kada ka ɗiga mata man inji a ramin iska, zafin matsi yana kunna shi ya ƙone robar fistan. Kada ka bar ta a ɗane ta kwana. Lokacin sa ƙwaya kuma, hannu ɗaya ya riƙe bututun gam, yatsa nesa da kunama, domin in ya kuɓuce ya koma da ƙarfi zai iya lanƙwashewa ko ya datse yatsa. In ka ga saiti ya fara watsewa bayan ɗan lokaci, fara duba sukurorin jikinta, girgizar sifirin takan kwance su.

Ga 'yan'uwa da ke karanta wannan daga gida Najeriya, lamarin daban ne. Dokar makamai ta 1959 ta lissafa bindigogin iska, manya da ƙanana, cikin waɗanda ba a mallaka sai da lasisin Sufeto Janar na 'yan sanda. Kada wani ya sayo ta a waje ya jefa a jaka da sunan kayan wasa, ya fara neman izini tukuna.