Faifan taɓawa ko maus: wanne ya fi dacewa da aikin yau da kullum?

Wani ɗan'uwanmu mai riƙe da lissafin shagon hatsi a kasuwar Mile 12 ta Legas ya yi tambaya cewa ya sayi laftof ɗin hannu a Computer Village da ke Ikeja, kuma yana son sanin ko faifan taɓawar da ke jikinta, wato wurin da ake goga yatsa don motsa kibiyar kan allo, ya wadatar, ko sai ya ƙara da maus. Malam, ga abin da nake gani.

Faifan ya fi ƙarfin abin da yawancinmu muke yi da shi, domin da yatsa ɗaya kawai muke amfani. Tun daga Windows 8.1 a shekarar 2013, Microsoft ta fito da tsarin Precision Touchpad, wanda idan kwamfutarka tana da shi, jan yatsu biyu sama ko ƙasa zai gungura maka shafi, taɓawa da yatsu biyu za ta buɗe jerin zaɓi kamar maɓallin dama na maus, buɗe yatsu biyu zai ƙara girman rubutu, tura yatsu uku sama kuwa, daga Windows 10 zuwa gaba, zai nuna maka duk abin da ka buɗe. Wanda ya saba da wannan zai yi karatu, ya duba wasiƙu, ya shiga intanet a cikin mota ko a kan cinyarsa, ba ya neman tebur. Sai dai faifan yana aiki ne da ɗan lantarkin da ke jikin fata, shi ya sa gumin Legas da ɗanshin damina suke rikita shi. Haka kuma caja marar inganci kan sa kibiyar ta riƙa tsalle ita kaɗai, musamman idan kan janareta ake. Kafin ka yanke cewa faifan ya lalace, ka cire cajar ka gwada.

Maus kuwa, wanda Douglas Engelbart ya nuna wa duniya a 1968, har yau babu kamarsa wajen daidaito. Aikinka na manhajar lissafi ta Excel ne, kullum kana zaɓen layuka da yawa, kana jan adadi daga wannan gida zuwa wancan, kuma yin haka a faifai na tsawon yini yana gajiyar da yatsu, yana jawo kuskure a lissafin da kuɗin mutane ke ciki. A nan ba ni da shakka: ka sayi maus.

Ni na fi son mai waya a shago, saboda ba ya cin batir kuma ba shi da ɗan ƙaramin kan USB ɗin nan na maus marar waya da ke saurin ɓata. Mai Bluetooth ya fi wa mai yawan tafiya. Idan teburinka na gilashi ne, ka shimfiɗa masa wani abu a ƙasa, domin hasken yawancinsu ba ya kama gilashi, sannan ka gwada dukkan maɓallansa a gaban mai sayarwa kafin ka biya.