Digirin laburare ko kwas ɗin intanet na wata uku

Ƴar uwa da kinka tambaya tsakanin digirin laburare da wanga kwas na intanet na wata 3 da ake tallar wai yana mai da mutum ma'aikacin laburaren yara na zamani, ni duka biyun na kashe masu kuɗi.

Digirin a ABU Zariya na yi shi, sashen tun 1968 yake, BUK ma suna yi in Kano ta fi miki sauƙi. Shekara 4, in kina da NCE ko difloma ki shiga ta DE, wato kai tsaye aji biyu, ki rage ɗaya. Wallahi lokacin da ake koya muna tsarin Dewey na jera littattafai da lamba har barci nake a aji, sai da na kama aiki a wata firamare mai zaman kanta nan wajen Mabera a Sakkwato anka buɗe mini wani ɗaki anka ce ga laburare, littattafai cikin kwalaye, gara ta ci na ƙasa, sannan na san abin da na je yi Zariya. Na jera su bisa tsari amma ai ba ki ce ma ɗan aji biyu je ka 398 ka ɗauko tatsuniya, sai na manna takarda mai launi a bayan kowane, ja tatsuniya, kore dabbobi, na shimfiɗa tabarmi biyu. Akwai wata ƴar aji uku da malamai sunka ce ba ta magana, kullum tana can ƙarshen tabarma tana tsinkar zare, na yi ta ba ta masu hoto da layi ɗaya ɗaya ban matsa mata ba. Ran nan an tashi, ina rufe taga na jiyo ta bakin get tana karanta ma ƙanenta labarin gizo suna jiran mai keke, har da canza murya in ƙoƙi ta shigo. Sai da na zauna.

Kuma zamanin da kike tsoron ya wuce ki yana cikin digirin. Manhajar Koha da ake rajistar littafi da aro da ita kyauta ce, shafin African Storybook akwai labaran Hausa kyauta, nakan sauke a waya in an kawo wuta in buga a takarda, don zafin Afrilu na Sakkwato kwamfutarmu kashe kanta take kafin azahar. Ga LRCN, hukumar rajistar ma'aikatan laburare da dokar 1995 ta kafa, digiri take dubawa, in Allah ya ba ki aikin gwamnati a mataki na 8 za ki fara.

Kwas ɗin kuwa dubu 40 na biya, bidiyoyi da satifiket ta imel wanda har yau ba wanda ya ce in nuna. Na koyi Excel dai.

Abin da ba ki tambaya ba, ki kiyayi masu yawo makarantu da tablet wai akwai littattafan yara dubbai a ciki, ki ce su kashe data su buɗe miki goma na Hausa a gabanki, namu uku munka samu sauran duk Turancin Amurka da wasanni. Haka masu cewa kawo kuɗi a ba ki takardar ɗaukar aiki.

Ki yi digirin. Sai dai ki sani kujera mai sunan laburaren yara zalla ba ta da yawa a nan, galibi ta makaranta ake shiga, har a haɗa miki da aji. Kafin fom ɗin JAMB ya fito ki roƙi hedimasta na unguwarku ya ba ki yara 20 da awa ɗaya ranar Alhamis, ki tafi da tabarmarki.